Sojan da Ya Haifi Shida

Chirchik, ƙarshen Fabrairu

Doniyor, ɗan dukushina, kafin in gaishe ka karɓi wannan kacici-kacici, tunda kullum cewa kake yi kai ne mai kan gidan nan. Namiji ne da gashin baki, ya je yaƙi ya dawo, bai taɓa sanin zafin naƙuda ba, amma ga shaidar gwamnati a ƙirjinsa cewa ya haifi 'ya'ya shida. Wane ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda. Na san halinka, tun kana ƙarami ta tsakiya kake huda samsa ka cinye naman ka bar wa mutane ɓawo.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga kakarka. Ina fata kana lafiya, kuma sanyin Koriya da aikin masana'antar nan ba su ƙarasa tsotse ka ba, don a hoton da ka aiko wuyanka ya koma kamar na zakaran da aka fige. Allah ya tsare ka, ya sa albarka a guminka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mahaifiyarka Mohira ta warke daga tarin, kawunka Tohir ya gyara rufin ɗakin girki, kurangar inabinmu da muka binne saboda sanyi tana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa tana jiran ɗumi, gwiwata kuwa tana nan da gardamarta. Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne matar kawunka Zebo ce ke riƙe min wayar in muna magana, kunnenta kuma ya fi wayar kama sauti. Ka yi haƙuri da rubutun, aji takwas na yi, rabinsu ma a gonar auduga.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna lambar azurfar nan da na cusa cikin safa tare da zabibi, na ba Mavluda 'yar kasuwa ta kai maka? Mai tankar yaƙi a ƙasa da jirage a sama, wadda ka ce min ta jarumta ce, kuma shekara da shekaru kana yawon kasuwar gwanjo ta Lahadi ba ka taɓa samun ta gaske ba. Har ka sumbaci wayar, ka ce duk Chirchik babu kaka irin taka. Ka tambaye ni inda na samo ta, na ce maka sirrin tsofaffi ne. To yau sirrin ya yi wari, dole in buɗe.

Ka san maƙwabcinmu Ildar, ɗan ƙabilar Tatar ɗin nan da yake ɗaure maka sarkar keke. Ciwon suga ya ƙarasa cinye masa ido, ko hasken taga ba ya gani yanzu. 'Yarsa Elmira ta sayar da gidan, za ta tafi da shi birnin Kazan da zarar an gama bikin Navruz na shigowar bazara. Farkon watan nan mijinta ya zo, ya fito da kayan gidan ƙofar waje, ya baza su a kan tebur da bargo: tukwane, tsohon rediyo, keken ɗinki, hular sanyi, kwalaban tsami. Ni kuwa tun da ka tafi ka bar min wasiyyar in riƙa sa maka ido, na zama kamar kaza a bola, ba a baza kaya a unguwar nan ban je na tona ba. Ina cikin tono na buɗe wani gwangwanin shayi cike da maɓallan marigayiya Alfiya, matar Ildar. Na sa yatsa na juya, sai ga lambar tana kallona. Doniyor, na san ko ta wa ce. Na sha ganin ta a ƙirjin Ildar. Na san motar mai ce ta kama da wuta a hanyar dutsen Afganistan, ya shiga ya jawo yara biyu, har yau bayan hannunsa kamar fatar gasasshen kaza. Duk na sani. Amma sai yatsan nan nawa, wanda nake jan carbi da shi, ya turo maɓallai ya rufe ta. Na tambayi surukin kuɗin gwangwanin maɓallai. Kuma don kada ka ce kakarka ta yi sanyi, sai da na taya har mutumin ya yi gumi cikin dusar ƙanƙara, ya ce in ɗauka don Allah in ba shi wuri.

Na ce wa raina ai makaho ba ya kallon lamba, in ta je Kazan ma jikoki ne za su yi wasa da ita, gara ta je hannun wanda ya san darajarta. Kwaɗayi in ya tashi yi maka wa'azi ya fi liman iya baki.

Mavluda ta tashi da safar, mako bai cika ba Elmira ta shigo min da jajayen idanu. Wai babanta ya ce a ɗauko masa gwangwanin, don tun Alfiya na da rai a ciki take ajiye masa lambar, ita ke goge ta da garin haƙori duk shekara. An nema an rasa. Wai ya bi aljihun tebur ɗaya bayan ɗaya da lalube, ya zazzage katifa, daga nan ya zauna a bakin gado ya daina cin abinci. An buga wa surukin waya, ya ce wata tsohuwa ce mai ɗankwali ta saya, kuma shi tsofaffin garinmu duk kamarsu ɗaya. Elmira ta tambaye ni ko na ga wadda ta ɗauka, tunda ina wurin. Na ce mata Allah ya bayyana. Na ma zuba mata shayi, na ce mutanen yanzu ba su da tsoron Allah. Da bakina na faɗa.

Lahadi na tafi kasuwar gwanjo da gwiwar nan tawa, in sayo irinta in rufe ɓaraka. Mai jan gemun nan da kake sayen hulunan soja a wurinsa ya nuna min guda biyu, ya ce tsakani da Allah tunda ni kakar Doniyor ce ba zai cuce ni ba, dukansu bugun bara ne, ba su kai murfin kwalba nauyi ba. Na dawo hannu wofi. Ina zaune ina juya abin, sai shaiɗan ya sake kawo shawara, na kuma karɓa. Na buɗe akwatina na ɗauko tawa lambar, ta iyaye mata masu yawan haihuwa, wadda tsohuwar gwamnati ta ba ni da na yaye mahaifiyarka, cikon 'ya'yana shida. Ita ma azurfa ce, ita ma zagayayya. Na ɓalle ta daga mariƙinta, na shiga kwalin tarkacen da ka bari a ƙarƙashin gado, na samo mariƙin soja mai ƙyalle toka-toka, na maƙala. Na auna a tafin hannu, na ce wannan ko mai ido sai ya matso.

Na kai masa. Na ce a bakin kwata na tsince ta da ƙanƙara ta narke, wataƙila daga tebur ta faɗo. Ya karɓa, ya ɗora babban yatsansa a kai, ya shafa, ya sake shafawa. Ya juya ta a tafin hannunsa. Can ya ce Allah ya yi miki albarka, yaya Tursunoy, ya kuma ce wa Elmira ta kawo masa miya. Ya shanye kwano guda a gabana. Na fito ina yi wa kaina kirari a zuci. Elmira tana can tana fama da ƙulle kaya, ganin ya ci abinci ya ishe ta, ba ta ko duba ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne ranar sha biyar ga watan nan, da tsofaffin sojojin yaƙin Afganistan suke taruwa duk shekara. Tun da idonsa ya tafi ya daina zuwa, na ɗauka bana ma haka ne. Ina shara a ƙofar gida sai ga mota, sai ga abokin sojansa Sobir mai ƙafar roba ya fito yana kiran Ildar da ƙarfi, wai na ban-kwana ne, ko a kafaɗa sai sun ɗauke shi. Ildar ya fito cikin babbar rigar sanyi a rufe har wuya. Na tsaya riƙe da tsintsiya kamar an dasa ni. Da na yi magana a lokacin da an wuce wurin, amma na bar motar ta tafi.

Sauran labarin daga bakin Sobir na ji. Wai sun ajiye furanni a wurin tunawa da sojojin da suka mutu, suka wuce gidan shayi, Ildar ya tuɓe rigar sanyi. Wani ya matso ya duba ƙirjinsa, ya ga mace da jariri a inda tanka ya kamata ta kasance, ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. Nan fa aka yi masa caa. Wannan ya ce barka da sauka lafiya, wancan ya ce ashe abin da ya hana shi zuwa taro ke nan, goyo ya yi yawa. Sobir da kansa ya ce ya tambaye shi ko nono na zuwa sosai, ko a sayo masa madarar gwangwani. Ildar ya bar su suka yi mai isarsu. Sannan ya miƙe ya ce su dabbobi ne masu ido, shi tun taɓawar farko ya san ba tasa ba ce, wanda ya shekara arba'in yana shafa tanka ba zai kasa gane kumatun jariri ba. Ya ce tasa ta ɓata, ya kwanta yana jiran mutuwa, sai maƙwabciyarsa ta cire tata guda ɗaya tilo, wadda ta samu da jininta sau shida, ta yi masa ƙarya don ya ci abinci. Ya ce shi sau ɗaya ya shiga wuta. Kuma wai yana da ɗan rabo a cikin lambar, tunda a babbar motarsa ya kai ni asibiti cikin ƙanƙara ranar da zan haifi mahaifiyarka, ina zaginsa tun daga gida har ƙofar asibiti saboda ramukan hanya. Wannan gaskiya ne, na zage shi.

Da la'asar sai ga su a tsakar gidanmu, tsofaffi cike da mota biyu, da jajayen furanni da shinkafa da kitsen jelar rago. Sobir ya dafa palov da hannunsa. Suka jera suna ɗora hannu a ƙirji suna ce min uwa. Zebo tana kuka, Tohir yana ta kumbura kamar shi ya yi abin. Mai unguwa ya ce zai ambaci sunana a taron Navruz, gaban tukunyar sumalak, kunun alkamar bikin, don yara su yi koyi. Jikana, an taɓa marina ina yarinya, an taɓa kama ni da satar tuffa a gonar gwamnati, amma ban san kunya ba sai ranar nan. Kowace loma kamar tsakuwa. Da zagina suka yi da na samu abin ramawa.

Bai ƙare ba. Da za su tafi Ildar ya riƙe hannun rigata ya ce shi bai yi wa wadda ta sayi gwangwanin baki ba, abu ɗaya ne ke cin ransa. Wai ya daɗe da niyyar in zai bar garin nan ya bar wa Doniyor lambar, don kai kaɗai ne yaron da ya taɓa zama ya tambaye shi sunan yaran nan biyu da ya jawo, sauran duk tambayarsu mutum nawa ya harbe. Ya so ya damƙa min da hannunsa in ajiye maka. Ya kuma yi 'yar dariya ya ce surukinsa ya ce tsohuwar ta iya ciniki kamar ta cire wa mutum haƙori. Ko ya sani ne yake ja min igiya, ko bai sani ba, Allah kaɗai ya sani, ni dai tun ranar ta bayan layi nake bi in zan je sayen gurasa.

Na san abin da za ka ce, ja'iri. Za ka ce ai ta riga ta iso inda aka nufe ta da zuwa. A'a. Abin da aka ba ka daban, abin da kakarka ta binne da maɓallai daban. Mavluda ce za ta kawo maka takardar nan, kuma za ta juyo kafin Navruz. Ka mayar da lambar cikin safar, ka ba ta hannu da hannu. Zabibin na yafe. Da na yi tunanin in jefa masa ita a aljihu in ce aljanu ne suka dawo da ita, amma dabarata ta ishe ni haka nan. Zan kai masa da rana tsaka, in faɗa masa yatsan wa ya rufe ta, kafin mai unguwa ya buɗe baki a gaban jama'a. In ya ga dama bayan haka ya ba ka, ka samu halal. In ya fasa, laifin kakarka ne, sai ka bi ni bashi. Kada ka yi nawa, mutumin nan in ya hau jirgi ba na jin zan sake jin muryarsa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa hula. Tohir da Zebo suna gaisuwa, ƙanwarka Sevara ta ce ka tuna alkawarin takalmi. Ka gaishe min da abokin ɗakinka Jasur, ka ce masa uwarsa tana lafiya, na gan ta a asibitin ido. Ka riƙe salla, ka rage taliyar leda. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Kakarka mai dogon yatsa,
Tursunoy

Amsar kacici-kacicin: Ildar ne. Kullum da hantsi yana zaune a kan benci a ƙofar gidansa da lambata a ƙirji, duk wanda ya wuce sai ya tsayar da shi ya gaya masa irin kirkin kakarka.