Ki Tsaya Har Ta Haɗiye

Sa'ida ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya mutanen Bande? Ni lafiya lau nake a Tamanrasat, sai dai nakan wuni ban ji Hausa ba.

An ce Inna na raba maganin zuciyarta da duk maƙwabciyar da ta yi kukan ƙirji. Ita kaɗai likita ya auna, Sa'ida! Ki ɓoye shi a wurinki, gara a ce da ke marowaciya.

Kullum da safe ni ke miƙa wa tsohuwar da nake wa aiki magani da ruwa. Uwar wasu ke nan. Don Allah ki miƙa wa tamu, ki tsaya har ta haɗiye.

Yayarki,
Hindatu