Hayaƙin Taya da Tarin Lailatu

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Majo Halidu, babban ma'aikacin likitar unguwarmu, ya tako har bayan gidana yau, ya toshe hanci da ƙyalle kamar ya shigo masai. Wai hayaƙin tayar da nake babbake kawuna da ƙafafun awaki da ita yana cutar mutane. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, ko mura ban cika yi ba. Na ce, "Majo, langaɓun da kake sha ran kasuwa, da turare ka zaci aka babbake shi?" Bai yi dariya ba. Ni na yi.

Laraba, 9 ga Oktoba
Takardar kira daga meri, ofishin magajin gari. Da ita na hura wuta.

Asabar, 12 ga Oktoba
Lailatu, ɗiyata mai shekara biyar, tana ta tari, ƙirjinta har kuka yake. Uwarta Zalika ta kai ta likita ba da sanina ba. Majo ya ba da magani, ya haɗa da cika wa matata ciki da tsoro. Ta dawo tana cewa, "Baban Lailatu, ya ce hayaƙin ga na." Wane yaro ne ba ya tari da kaka? Mutum bai taɓa riƙe wuƙa ba, shi zai koya mini aiki.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Zalika ta tafi da yarinyar garin Sabon Maci, wajen surukata. "Kwana biyu," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. Su je. Taya ɗaya tana gama abin da dami uku na kara ba za su gama ba, kowa ya sani.

Talata, 22 ga Oktoba
An bugo waya. Wai tari ya tsaya, tana bin 'yan awaki a gonar wake. Magani ne ya yi aiki. Ba ruwan taya.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Sun dawo. Lailatu ta rugo ta rungume ƙafata. Kumatunta sun ciko.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Tari ya dawo, har ya fi na da. Tana zaune bakin ƙofa tana jan numfashi da kyar, na share mata hanci da gefen rigata. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin. Na tsaya ina duban rigar. Ban nuna wa kowa ba, kuma raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Litinin, 28 ga Oktoba
Zalika ta sake ɗaukar ta. Wannan karon ba ta ce kwana biyu ba. A tasha Lailatu ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Baba, kai ma ka taho, can ba a tari."

Gidan ya yi mini faɗi.

Alhamis, 31 ga Oktoba
Da kara na yi babbaka yau. Aikin hantsi ya kai ni azahar, bayana kamar zai tsinke. Kimba mahauci ya zo karɓar kawunansa, ya ce, "Ashe majo ya kada ka!" Na ce ƙarya yake, taya ce ta yi wuyar samu. Bai san jiya na tura wa mai yanka takalma duk tayoyin da suka rage mini ba.

Babu wanda ya sa ni. Ni na ga dama.

Da la'asar na kira Zalika, na ce ta ba yarinyar wayar. Tana ta zuba mini labarin awaki, ni kuwa ba labarin nake ji ba, numfashinta nake saurare. Da uwar ta karɓa, na ce su dawo ran Asabar.