Ƙofar Gareji da Irin Dawar Baba

Ƙanƙara,
Talata, 12 ga Oktoba.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ji muryarka ba. Yaya aiki, yaya Kaduna, yaya kuma ciwon ƙafar nan da kake ɓoye mini? Mu nan lafiya lau, yara suna gaishe ka. Tun da aka katse layin waya a garin nan na koma biro da takarda kamar 'yar firamare, sai ka yi haƙuri da rubutuna. Mas'udu direba ne zai kawo maka.

Ƙofar garejinka ta iso daga Funtuwa ranar Lahadi. A naɗe take kamar tabarma, sai dai tabarmar ƙarfe ce, Sha'ibu mai walda ya ce ta fi buhun masara uku nauyi. Ya kafa kunnuwan ƙarfe biyu a bango, can sama da kai, inda bakunan naɗin za su zauna. Jiya shi da ma'aikatansa biyu suka ce za su ɗaga. Sun kai ta gwiwa, sun kai ta ƙugu, daga nan ta ce ba ta san zancen ba. Suka sake ta, ta fasa mini kaskon ruwan kaji. Sarƙar da yake jan kaya sama da ita tana Sabuwa wurin wani aiki, ba kuma mai son bin hanyar a kwanakin nan. Ga ƙofarka nan kwance a tsakar gida, akuya tana hawa tana sauka.

Amma ba don ƙofa na ɗauki biro ba. Maganar Baba ce. Wata biyar ke nan da ka ɗauko shi daga ƙauye da zama ya gagara saboda 'yan bindiga, har yau bai yarda ya zo ba. Yini yake a gindin darbejiya, ba ya tanka wa kowa, tuwo loma uku ya ture. Ka san ƙunshin nan na zangarniyar dawa, irin da ya gada wurin mahaifinsa? Sau biyu ina kafa masa ƙusa a ɗaki don ya rataye, ya ƙi. A ƙarƙashin kansa yake kwana da shi. Yau da safe ya faɗa wa ƙanwarsa Goggo cewa ranar Asabar zai koma, zai mayar da irin rumbunsa, shi ma ya zauna can, tun da nan ba mai neman komai a wurinsa sai ya ci ya kwanta. Goggo ta yi kuka, ta tuna masa ko kare bai rage a ƙauyen ba, ya kau da kai. Har ya wasa laujensa.

Ina jin tsoro ƙwarai. Idan ya bi hanyar Tafoki zuwa ƙauyenku shi kaɗai ban san abin da zan faɗa maka ba. In da hali ka zo kafin Asabar.

Taka,
Indo.

Ƙanƙara,
Juma'a, 15 ga Oktoba.

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mas'udu ya ce ba a ba ka hutu ba. Ban yi fushi ba, ko da yake na yi kaɗan.

Zan faɗa maka wani abu da na yi, ka yafe mini tun kafin ka karanta. Ranar Laraba Sha'ibu ya sake gwadawa da mutum biyar. Ina shara kusa da darbejiya sai na ji Baba yana gunaguni shi kaɗai, wai ji samari suna ɗaukar kaya da ƙashin bayansu kamar ba a halicci gwafa ba. Nan take na tuna abin da ka sha ba ni labari, cewa a ƙauyenku ba a taɓa ɗora jinkar rumbu ba sai Baba ya tsaya a kai.

Jiya na auno dawarka tiya shida ba da izininka ba, na tuƙa tuwo, na dama kunu, na aika gidajen mutanen da suka taso daga Sheme da Daudawa da ƙauyenku, na ce gayya ce. Mutum goma sha huɗu suka zo, har da Ɗanlahadi da ke zaune bayan coci. Sannan na aje kunya, ni da ban taɓa haɗa ido da Baba ba, na je na durƙusa gabansa na ce ƙofar ɗansa ta gagari maza, ga jama'a sun taru babu shugaba. Ya ce shi ciyawa ya sani, bai san ƙarfe ba. Na tashi na koma wurin jama'a.

Allah ya yi wa Sha'ibu albarka. Da gangan ya tara mutanen duka a gefe ɗaya ya ce su ɗaga. Baba bai iya kallo ba. Sai ji muka yi ya daka tsawa, kaji suka watse. Wallahi ban san yana da murya haka ba.

Ya sa aka saro gwafanni shida, biyu gajeru, huɗu dogaye. Ya sa aka mirgino turamena biyu da gangunan ruwa. Ya jera mutane gwargwadon tsayinsu, dogo da dogo, gajere da gajere, ya fitar da wani mai zafin nama ya ce ya je ya sha kunu. Ya hana kowa motsi sai ya ba da murya. Ɗagawar farko aka aza ta bisa turame, aka huta. Ta biyu bisa ganguna. Ta uku ta hau kafaɗu, aka cusa gajerun gwafanni. Daga nan dogayen suka karɓa, ana turawa taki ɗaya-ɗaya, Sha'ibu yana kan tsani da ƙusoshi a baki. Bakin dama ya zauna a kunnensa lafiya. Na hagu kuwa ya zame, na ga ƙarfen nan ya taho kan Ɗanlahadi, na rufe ido ina salati. Da na buɗe, ashe Baba ya riƙe gwafa guda a hannunsa tun farko, bai ba kowa ba. Ita ta tare. Bai saki ba sai da aka ɗaure noti na ƙarshe.

Turmina ɗaya ya tsage, ka sani a wuyanka yake. Baba ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙarin miya. Sai dai bai ce ya fasa tafiya ba, ƙunshin kuma yana nan a ɗaure. Gobe Asabar. Ka taya mu addu'a.

Taka,
Indo.

Ƙanƙara,
Asabar.

Maigida,

Ina gaisuwa, a gurguje nake rubutu, Mas'udu yana ta hon a waje.

Da gari ya waye na kai wa Baba koko, na tarar ɗaki wayam. Ba shi, ba ƙunshi, ba lauje. Kwanon ya suɓuce daga hannuna. Na fita ko mayafi babu ina kiran Goggo, sai na ji ƙarar ƙofarka ana naɗe ta sama.

Baba ne a cikin gareji. Ya taka ganga, ya rataye zangarniyar nan ɗaya bayan ɗaya a jikin katakon rufi, ya shimfiɗa ganyen darbejiya a ƙasa saboda ƙwari. Ya sauko ya ja ƙofar ƙasa, ya tura ta sama, ya sake ja, yana sauraron ƙararta. Ya ce ɓera ba zai shiga nan ba. Laujen kuwa ya ba Ɗanlahadi ya yanko gamba, wai mutum uku sun roƙe shi ya tsaya musu a kan rumbunan da za su yi a bayan gari. Sannan ya dube ni, karo na farko tun da aka kawo ni gidanku, ya kira ni ɗiyarsa, ya tambaye ni ina makulli. Na ba shi duka biyun. Na koma madafa na yi kuka har na gode Allah.

Saboda haka in ka tashi zuwa, ka zo da sabon turmi, ka kuma fara tunanin inda motarka za ta riƙa kwana. Garejin ya yi mai shi.

Taka har kullum,
Indo.