Kulocin Osaka a Injin Koza

Koza, watan Yuni

Zuwa ga ƙanena Seitoku,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Fumie da yara kuna lafiya a Osakarku mai hayaƙi. Mu nan damina ta sa mu gaba, garahuni ya cinye katanga.

Jikin Baba sai a hankali. Likita ya ce kada mu sa dogon rai. Ni ma yanzu ba ya gane ni, jiya ya tambaye ni ko ni ce sabuwar mai sayar da awara. Abu guda ne bai bar kansa ba, wato ɗan babur ɗin nan da ya haɗa maka da injin yankan ciyawar da sojojin Amurka suka yar a bayan bariki. Kullum sai ya tambaya me ya sa bai ji ƙararsa ba.

Na jawo shi daga rumfa. Injin ya tashi, ka ji tsohon banza mai taurin rai, amma kulocin tsatsa ta cinye, taya ba ta motsi. Ka tuna ranar da ka afka da shi cikin gonar raken su Gushiken, Inna ta biyo ka da ludayi? Ina so Baba ya ga abin nan yana tafiya kafin ya bar mu. Ka zo ka gyara.

Yayarka,
Hatsue

Osaka, watan Yuni

Zuwa ga Yaya Hatsue,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na samu takardarki. Na gode da ɗawainiyar da kike yi da Baba.

Aiki ya yi yawa a masana'anta, zuwa zai yi wuya yanzu. Ga sabon kuloci nan cikin kwali. Ki goge karanshaf, wato sandar da ta leƙo daga gefen injin, da samfefa har ta yi haske. Akwai ɗan tsagi a jikinta, nan za ki kwantar da guntun ƙarfen da na naɗe a takarda, shi ke hana kuloci zamewa. Ki zura kulocin, haƙoransa su yi daidai da sarƙa, sannan ki ɗaure noti. Ki sa masa mai, ɗigo ɗaya a tsakiya kawai. In man ya taɓa cikin kwanon kulocin, aikin ya ɓaci.

Gonar ba ta su Gushiken ba ce, ta su Agarie ce. Kuma ke kika ce in ƙara wuta.

Naki,
Seitoku

Koza, watan Yuli

Seitoku,

Gaisuwa. Na ce ka zo, ka aiko min da ƙarfe. To, ƙarfen naka ma bai zauna ba, lilo yake a jikin sandar kamar zoben aro. Na kai wa tsoho Yogi mai faci, ya yi dariya har da tari. Ya ce in tambaye ka ko zaman Osaka ya mantar da kai cewa injin Amurka da inci aka auna shi, kulocinka kuwa da milimita. Ka zama ɗan birni, kanikancin naka ma ya koma na birni.

Na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ni ke wanke shi, ni ke ba shi abinci a baki, amma sunanka yake kira.

Hatsue

Osaka, watan Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Yogi ya yi gaskiya, kunya ta kama ni. Na zagaya shaguna, babu mai na inci.

Sai na tuna yadda Baba ke yi a zamanin da komai namu na bariki ne. Yakan yanka gwangwanin nama, ya buge shi ya miƙe, ya naɗe sandar da shi ya bar wurin tsagin a buɗe, sai kuloci ya zauna daram. Ina ganinsa yanzu, tsugune da sigari a bayan kunne, yana cewa wanda ya jira kayan da suka dace a Koza da ƙafa zai mutu. Ki gwada, naɗi biyu.

Batun aiki kuwa, gaskiya ne amma ba shi kaɗai ba ne. Tsoro nake ji, Yaya. In na tsaya a gabansa ya tambaye ni ko ni wane ne, ban san yadda zan yi ba. Na fi son in riƙe shi yadda na san shi.

Naki,
Seitoku

Koza, watan Agusta

Ƙanena,

Gaisuwa, da fatan zafi bai dame ku ba. Na huce.

Na zauna a tsakar gida ina fama da gwangwani, na yanke yatsa, sai na ji an ce, "Ke, ba haka ake yi ba. Kawo." Baba ne. Mutumin da cokali ke gagara, ya karɓi almakashi ya yanka, ya naɗe, ya kwantar da guntun ƙarfen, ya tura kuloci da tafin hannu. Ko motsi bai yi ba. Na yi kuka, shi ko kallona bai yi ba.

Da ya rage noti, sai ya ɗauki sifana ya miƙa gefensa na dama, inda babu kowa, ya ce, "Seitoku, ɗaure." Na kai hannu, ya janye. Ya ce mai hawa shi ke ɗaure notin ƙarshe, don in ya faɗi kada ya zargi kowa, haka ake yi a gidan nan. Na ce ka tafi aike. Ya ce zai jira.

Tun ranar, da ya karya kumallo sai ya sa a kai shi gefen babur, sifana a cinya. Abinci ya ragu, ƙafafu sun kumbura. Fuskarka ban sani ba ko zai gane, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ya san wanda yake jira.

Yayarka,
Hatsue

Osaka, watan Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Jirgin Asabar zan biyo. Kada ki zo tarba, na san hanya.

Ki gaya masa na dawo daga aiken, ina wanke hannu.

Seitoku