Na Mayar Maka da Muryarka, Ɗanladi

Zuwa ga abokina Ɗanladi, a Kaduna ko duk inda wannan ta same ka.

Wai kai, mutum ya tuƙa jirgi har wata duniya, ya sauka lafiya, sannan ya bar shi a gonar mutane a Bunguɗu ya hau motar Kaduna? A ina ka taɓa ganin an yi haka?

Bari in yi gaisuwa kada a ce ba ni da tarbiyya. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da kawunka da mutanen shagonsa. Mahaifiyarka, Mama, tana lafiya. Na gan ta ranar Lahadi ta taso daga coci, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa mini da rabin baki. Ban ga laifinta ba.

Na rubuto maka a fili, a wannan shafi na intanet da muka tara kuɗin fim ɗinmu, saboda wata biyu ke nan da ka toshe lambata. Kuma a gaban mutane na yi maka laifi, don haka a gabansu zan yi magana.

Ka tuna farkon abin, a rumfata ta cajin waya a bakin tasha, nan Gusau. Ni da na bar makaranta a aji uku, na ci gaba da karatu da tsofaffin littattafan da ake zubewa ƙasa a kasuwa, na cika littafin rubutu guda da labari. Shekara ɗari biyu nan gaba, ruwa ya ƙare a Zamfara, gulbi ya zama hanyar mota, wani makanike ya haɗa jirgi ya tafi wata duniya neman ruwa. Duk wanda na nuna wa sai ya tambaye ni ko na ci abinci. Kai kaɗai ka karanta har ƙarshe, a tsaye, sannan ka ce matuƙin ya cika surutu kamar wanda ya rubuta shi, in an rage masa magana za ka hau jirgin, mu mayar da labarin fim.

Ba mu je ƙofar wani mai kuɗi mun zauna a tabarma ba. Lambar asusu muka sa a nan, da alkawari ɗaya: duk wanda ya ba da wani abu, komai ƙanƙantarsa, za a rubuta sunansa da fenti a jikin jirgin. Direbobin tasha suka yi karo-karo. Matan zumunta na cocin Mama suka aiko da nasu. Wani da ba mu taɓa gani ba ya turo daga ƙasar waje. Inna Kulu mai ƙosai ta kwance bakin zanenta, ta ce a rubuta sunanta kusa da taga don ta riƙa ganin hanya.

Malam Sani mai walda a Tsafe ya haɗa mana jirgin da tsohon tankin ruwa da gangar jikin keke-napep, bai karɓi ladan hannu ba. Hularka ta sama jannati, hular kwano ce ta babur da muka fesa wa fenti. Rigar kuwa ledar tanti ce, kuma na san abin da ka sha a cikinta a zafin bazara, don na ga gumin da ka riƙa zubarwa daga takalmi.

Baba Audu ya ara mana gonarsa ta bayan Bunguɗu, jar ƙasa da ta tsattsage, ga duwatsu a baya. A cikin kyamara sai ka rantse ɗan Adam bai taɓa taka wurin ba, in dai an kore awaki. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma kana wurin ya faɗa: “Ranar da ruwa ya sauka, ku kwashe duniyarku in shuka gerona.” Mukan fita da sassafe mu dawo kafin la'asar saboda hanya, haka har muka ɗauki kusan komai.

Sai muka saki ɗan guntun talla. Ka fito daga jirgi, ka dubi jar ƙasar nan, ka ce da Zamfarcinka: “Ruwa munka taho biɗa, ba mu komawa hannu wohi.” Tsikar jikina ta tashi a ranar, har yau tana tashi. Amma wasu daga nesa, waɗanda ko kobo ba su ba da ba, suka cika shafin da dariya. Wai ɗan sama jannati da bakin dillalin shanu. Wai jirgin a kasuwar Tsafe zai sauka. Kwana huɗu gudummawa ba ta shigo ba, sai tsoro ya kama ni. Na ɗauki hoton na kai wa wani mai magana irin ta rediyo, ya ɗora muryarsa a kan bakinka, na sake sakawa ban gaya maka ba.

A shagon babanku ka gani, a wayar wani da ya zo sayen kayan babur. Ba ka yi hayaniya ba. Ka zo rumfata, ka ajiye hular a kan tebur tsakanin wayoyin mutane, ka ce: “Huskata kaka so, ba ni ba.”

Da na yi shiru, da yanzu mun gama fim. Amma ka san bakina, yana riga hankalina isa ko'ina. Na ce maka me kake wa fushi, harshen ma ai ba na gidanku ba ne, aro ka yi. A gaban direbobi na faɗa, a gaban masu jiran caji.

To, ga gyara a gaban kowa. Ƙarya na yi. Iyayenka daga kudu suka zo, amma a Gusau aka yanke maka cibi, mutanen unguwa suka sa maka Ɗanladi har sunan yankan ya ɓace. Kai ne kake ciniki da mutanen ƙauye su ɗauka ɗan Rawayya ne. In akwai mai aro tsakaninmu, ni ne, da na kwaso Hausar littafi na riƙa jin kunyar ta kakata. Ka yafe mini. Ban saba faɗin haka ba, shi ya sa na faɗa sau ɗaya da kyau.

Kada ka ɗauka ni na gane da kaina. Inna Kulu ce ta tako har rumfata da matsamin ƙosai a hannu, ta ce in je in goge sunanta daga jirgin, ita Ɗanladi ta ba kuɗinta, wancan mai maganar labarun duniya ba ta san shi ba. Direbobi suka daina kawo mini caji har mako guda. Na cire muryar aron, na mayar da taka. Sati uku ke nan tana nan a sama, ka danna ka ji.

Masu dariyar kuma ina da tambaya gare su, tunda na san suna leƙe. Wa ya gaya musu cewa nan da shekara ɗari biyu mutumin Zamfara zai farka da bakin wani gari? Wanda ruwansa ya ƙare shi ne zai tafi nema, kuma da harshen da yake jin ƙishirwa da shi zai yi magana. Wanda abin bai yi masa ba, ga tanki ga walda, ya haɗa nasa jirgin.

Fim ɗin ya yi kyau, Ɗanladi. Ba yabon kai ba ne, na zauna na haɗa abin da muka ɗauka, na nuna wa Malam Sani, mutumin da ko a ɗaurin aurensa ba a ga haƙoransa ba, ya ce in mayar masa baya ya sake gani. Fitowa ɗaya ta rage, ta ƙarshe: matuƙi ya haƙa ƙasa, danshi ya fito, ya cire hula ya yi wa mutanen gida magana.

An ba ni shawara in sa wani a cikin rigar, a bar hular a rufe, ba wanda zai gane. Da sauƙi, yini ɗaya an gama. Na ƙi. Na taɓa sa wani a madadinka sau ɗaya, na ga abin da ya jawo.

Amma lokaci ba ya jiran fushinka, ba ya jiran tubana. Sau biyu hadari yana haɗuwa a gabas yana watsewa. Baba Audu ya fara kai taki gona da amalanke, jiya ya aiko a gaya mini ya fito da iri. Ruwa na sauka, cikin mako guda duniyarmu za ta yi kore shar, sai kuma baɗi, in muna da rai. Sunayen mutane suna can a jikin ƙarfe rana tana dukansu, ni kuwa kullum da safe ta gaban kaskon Inna Kulu nake wucewa.

Maganar da za ka yi a fitowar ƙarshe, na yage wadda na rubuta. Shafin fari ne fes. Abin da duk ya zo bakinka in ka ga ruwan, shi za mu ɗauka, ba zan taɓa ko harafi ɗaya ba. Malam Isa direba ya ce kujerar gaba taka ce daga Kaduna, ranar da ka ga dama, ba ko sisi. Hularka tana nan inda ka ajiye ta, ina goge ta, ban bar kowa ya gwada ba.

Allah ya tsare ka a inda kake, ya tsare maka hanya in ka taso, ya sanyaya zuciyar Mama a kaina. Allah ya ba manoma damina mai albarka, ya kuma ɗan jinkirta mana ita kwana kaɗan, Baba Audu ya yi haƙuri da wannan addu'ar.

Naka, mai bakin da ya fi ƙarfinsa,
Nasiru mai caji.

Kada ka kira ni a ɓoye, ba zan ɗauka ba. A nan ƙasa za ka amsa, inda Inna Kulu da direbobi da matan zumunta za su ji, kuma ba rubutu nake so ba. Danna ka yi magana da muryarka. Kana tahowa kahin ruwa, ko in je in hwaɗa ma Baba Audu ya shuka geronai?