Baba, an wasa takubbanka

Assalamu alaikum Baba, Allah ya sanyaya makwancinka.

Ni ce Hadiza, autarka. Na rasa inda zan kai kukana, shi ya sa na kawo maka nan, kowa ma ya karanta.

Baba, Yaya Bello ya kai takubbanka wurin mai injin wasa wuƙa.

Ka san gidanmu, mahauta ne kaka da kakanni, ƙarfe marar kaifi abin kunya ne. Kai kaɗai ka fita daban. Kana tashi daga mayanka sai ƙauyukan bayan Dundaye, kana lallaɓar tsofaffi su fito maka da takubban barade daga ƙarƙashin gado. Ka shimfiɗa su kan buzu kana shafa musu mai, kana ce mini, "Kak ki ga tsatsa ki ce datti na. Wanga giɓi, sulke yas sara." Kowane giɓi da labarinsa, da shi nake gane su.

Shi kuwa Yaya Bello, da rabon gado ya matso, wai kunya yake ji dangi su ga kayanka da tsatsa. Ya haɗa su da wuƙaƙen fawa ya kai. Suka dawo suna ƙyalli kamar sababbin cokula, ba giɓi, ba tambarin maƙeri. Na ɗaga na farko na juya, na sake juyawa, wallahi ban san na wane barde ba ne. Ina kuka yana tsaye kaina yana cewa, "To mi al laihina? Gyara niy yi!" Kuma har zuciyarsa gyaran ya yi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ɗaya ne ya tsira, mai jan kube, wanda ka ba ni in ɗinke hamilarsa ta ratayawa kafin ka kwanta ciwo. Yana ɗakina a Mabera cikin zannuwa. Ranar Juma'a ƙanenka Baffa Sani zai raba gado, ya aiko in mayar, wai takobi ba kayan mata ba ne. Na roƙa a cire ni daga shanu da fili a bar mini shi, suka yi dariya. Mijina ya ce kada in ɓata zumunci kan ƙarfe. Ƙarfe, Baba! In ya faɗa hannun Yaya Bello, Asabar yana bakin inji.

Na yi tunanin in ce ya ɓata. Na kasa. Haƙƙin magada ne, kuma kai za a ɗaga wa hankali a kabari. Zan naɗe shi in kai da hannuna, Babana, ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka, ya tausasa zuciyar Baffa ko sau ɗaya.

'Yarka da ke roƙon kada Juma'a ta zo,
Hadiza