Idon Hagu Bai Mutu Ba

Daga Jidda

Yaya Zulkifilu,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da kyau, da Dijatu da yara, da mutanen Mabera. Ya ƙafar Inna? Kai ma na gaishe ka, don addini ya ce a gaisa.

Labari ya iske ni cewa ka tahi gidan su Bara'atu da zan aura, ka ce wa babanta na makance, su nema mata wani miji. Wa ya aike ka? Ko sau ɗaya ka kira ka tambaye ni?

To ji gaskiya. Tartsatsin walda ya ƙone mini tantanin gaban idon hagu, jijiyoyinsa suka tsinke. Lafiyata lau, sai dai idon ba ya jin komai, hawaye ma ba ya zuwa. Kowace awa sai na ɗiga magani, aiki kuwa na ɗan ajiye shi. Likita ta ce jijiyoyin kan sake tsirowa sannu a hankali, daga gefe zuwa tsakiya. Ranar Laraba ta taɓa gefen idon da siririn zare, ta ce, "Siddiƙu, ka ji?" Na ƙifta tun kafin in amsa.

Ka koma gidan nan da ƙafarka ka janye maganarka. Kada Inna ta ji batun ajiye aikin, Allah ya ƙara mata lafiya. In ka ƙi zuwa, ranar ɗaurin aure Kawu Mode zai zama wakilina, ba kai ba.

Ƙanenka,
Siddiƙu